Neman Fim ɗin Majigi a Damagaram

Tun da na dawo ban huta ba. Duk wanda ya leƙo shagona, ko da hoton fasfo ya zo ɗauka, sai ya ce, "Sabo, wai da gaske har Damagaram ka je neman fim? A wannan zamanin?" A majalisarmu ta bakin kasuwar kifi kuwa na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma kowa ya tashi sai ya ƙara masa gishiri. Shekaranjiya na ji ana cewa wai an kulle ni a Nijar. Ba wanda ya kulle ni. Bari in zauna in rubuta shi daga tushe, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta da kansa.

Wanda bai san Baba Bitrus ba a Haɗeja, to baƙo ne. Mutumin Filato ne, aiki ya kawo shi tun ina ƙarami, shi ne mai ɗaukar hoto na malaman gona. Ya ɗauki fadamun shinkafa na Auyo, ya ɗauki masunta cikin kwalekwale, ya ɗauki ambaliya shekara da shekaru, sannan ya riƙa zaga ƙauyuka da majigi yana haska wa manoma a bango. A hannunsa na koyi sana'ar da nake ci da iyalina yau. Hotunansa ba irin na takarda ba ne. Wani fim ne baƙi da fari da ake kawowa daga Turai, idan an wanke shi hoton yakan fito daidai a jikinsa, fari a wurin fari, baƙi a wurin baƙi, sai a yanka a sa a ɗan firam na kwali a zura a majigi. Mu dai fim ɗin majigi muke ce masa.

Shekarun nan idon Baba ya yi ta ja da baya. An kai shi asibiti a Kano, likita ya ce ba yanar ido ba ce balle a cire, jijiya ce, sai dai haƙuri. Mutum a gabansa inuwa ce kawai, da murya yake gane mu. Amma abin mamaki, idan aka toshe ƙofar zaurensa da bargo aka kunna tsohon majigin nan, yana ganin hotunansa. Sai ya karkata kai gefe ya ce, "Wannan gonar Kaugama ce, shekarar da tsuntsaye suka cinye gero." Likitan ya ce ƙarfin hasken ne da girman hoton, ga baƙi da fari sun rabu sosai. Ya kuma ce wannan ɗin ma ba zai daɗe ba.

To, 'yarsa Rifkatu, malamar makaranta, ta daɗe da aure ba haihuwa, har mutane suka daina yi mata addu'ar a gabanta don kada su sosa mata rai. Sai Allah ya kawo, mace, aka sa mata suna Godiya. Ta zo gida wanka, kuma da yake mahaifiyarta ta rasu, matata Hadiza ce ke yi mata wankan jego, gidajenmu katanga ɗaya. Da zarar ta yi arba'in za ta bi mijinta garin Lafiya, inda aka mayar da shi da aiki. Ranar suna na tarar da Baba riƙe da jaririyar, ya kawo ta dab da fuskarsa, ya matsar da ita, ya juya ta wajen taga. Can ya ce a hankali, "Sabo, yaya kamanninta?"

Na ce, "Baba, kyakkyawa ce."

Ya ce, "Kowa haka yake ce mini."

Wallahi sai da na fita waje na share ido. Daga ranar na sa a raina cewa sai tsohon nan ya ga jikarsa kafin a tafi da ita.

Kada wani ya ce ban gwada hanyar zamani ba. Na ɗauke ta da waya na buɗe hoton har ya cika fuskar wayar, ya ce hayaƙi yake gani. Na aro majigin gidan kallon ƙwallo, na mayar da hoton baƙi da fari a kwamfuta, ya ce baƙin toka-toka ne, kamar ta rariya yake kallo, idonsa ya yi ta zubar da ruwa. Sai dai a samo fim ɗinsa. Shi kuwa kamfanin ya daina yinsa tun tuni, na ƙarshen da Baba yake da shi ya ƙare tun yana aiki.

Na fara da Kano. Na shiga shagunan kayan hoto na Sabon Gari ɗaya bayan ɗaya, samari suna kallona kamar na zo tambayar kwabo mai huda. Wani har ya kira abokinsa ya zo ya ji. Na kusa zagin yaron, Allah ya taimake ni na haɗiye. Wani dattijo mai gyaran kyamara a ƙarƙashin bene ne ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Ka je Damagaram, unguwar Zango, ka tambayi Malam Isufu mai hoto. Firij guda yake da shi cike da fim. In ba shi da shi, to ka haƙura." Lambar waya fa? Ya ce rabonsa da mutumin tun kafin a fara wayar hannu.

Hadiza ta ce ba a zuwa wurin mutum hannu rabbana, ta sa na sayi kwali guda na bandar kifi, tarwaɗa masu mai, irin waɗanda muke alfahari da su. Na kama hanyar Gumel ranar Alhamis, don in dace da kasuwar Maigatari, ranar da motocin Nijar ke yawa. Damina ta yi nisa, ruwa ya kwanta dama da hagu, mutane suna ta fama da jinga a bakin gonaki. Daga Gumel zuwa Maigatari ba nisa, amma shanu da raƙuma sun cika titi, direba sai huci yake yi.

A bakin iyaka ban sha wahala ba wajen shiga. Jami'anmu suka duba katin shaidata suka ce a sauka lafiya. Na wancan ɓangaren, jandarma, tsarinsu daban ne. Ba a miƙa kati ta taga. Kowa sai ya sauka, a tattara katunan gaba ɗaya, ku tsaya a rana, shi yana zaune a inuwa yana kiran suna ɗaya-ɗaya kamar ɗan aji. Ba tsawa, ba gardama, amma kuma ba sauri. Ni da na saba da namu na gida, inda ake raha a wuce, sai na fara yi wa mutumin fira, na ce yaya aiki, yaya iyali. Ya ɗaga kai ya dube ni, ya mayar da katina can ƙasan tarin. Ni aka kira ƙarshe.

Motar da muka shiga tsohuwa ce mai buɗaɗɗen baya, kaya a ƙasa, mu a sama, kowa ya riƙe sanda kada ya faɗo. Kusa da ni wata Hajiya ce 'yar kasuwa, Hajiya Mariyama, ta saro atamfofi za ta kai Damagaram. Kafin mu kai Dungas rana ta buga kwalina, man kifi ya narke ya bi ta gindin kwali ya sauka a kan ƙunshinta. Ita ta fara jin warin. Ta ɗaga ƙunshin, ta dube ni, ta saki salati.

"La'ilaha illallahu! Kai Bakano, ka kashe ni!"

Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, amma ni ba Bakano ba ne, Bahaɗeje ne."

Ta ce, "Duk ɗaya ne, bayinmu ne ku duka. Mi ya kawo ka ƙasarmu da wannan ƙazamin kihi?"

Damagarawa da Kanawa abokan wasa ne, kowa ya sani, amma ni ban ga dalilin da za a haɗa ni a ciki ba. Duk da haka laifina ne, sai na kwantar da kai na ba ta labarin Baba da jikarsa. Tana ji tana goge ledar da aka naɗe atamfofin da gefen mayafi, don Allah ya sa man bai ratsa ba. Da na gama sai ta juyo ta dube ni. Ta ce mahaifinta ma da makanta ya rasu, bai taɓa ganin 'ya'yanta ba, shafa kansu kawai yake yi. Daga nan ta ɗauke ni kamar ƙaninta. Da motar ta kafe a wani kwari mai laka muka sauka turi, ita ta riƙe mini jakar kyamara, tana yi mini tsiya wai Kanawa ba su da ƙarfin turi.

Mun shiga Damagaram da yamma, jikina duk laka. Na ce a nuna mini masauki, ta ce Allah ya kiyaye baƙonta ya kwana a gidan haya. Ta kai ni gidan wanta, aka shimfiɗa mini katifa a zaure da gidan sauro, aka rataye kwalin kifin a azara saboda kyanwa. Abincinsu ba shi da nisa da namu, tuwon gero ne da miyar kuka, sai dai fura ba ta yankewa a gidan, ko yaushe ka juya an miƙo maka ludayi. Karin kumallo ne ya ba ni mamaki. Burodinsu dogo ne siriri, bayansa da tauri, a tsaga shi a zuba soyayyen ƙwai. Cizon farko ya yanke mini dasashi. Mai gidan ya ce haka yake yi wa duk wanda ya saba da burodin Nijeriya mai kama da katifa.

Sai shayi. A ɗan ƙaramin kofin gilashi suke ba ka, baƙi ƙirin, da ɗaci kamar maɗaci. Na kurɓe na yi godiya na miƙe, don hankalina yana unguwar Zango. Mai gidan ya kama gefen rigata ya zaunar da ni. Ashe zagaye uku ake yi, wanda ya sha na farko ya tashi ya raina mai shayi. Kuma kowane zagaye sai an sake dafawa a kan gawayi, ana ɗaga buta sama ana tsiyayawa, ana fira. Kafin mu gama rana ta take. Na hau kabu-kabu, wato acaɓarsu, na isa shagon Malam Isufu na tarar da kwaɗo a ƙofa. Maƙwabcinsa ya ce ai an tashi hutun rana, sai bayan la'asar. Gari guda a rufe da tsakar rana, har masu sayar da magani! Na zauna a dakali ina cizon yatsa, ina lissafin kwanakin wankan Rifkatu da suke ta tafiya.

Bayan la'asar sai ga shi a kan keke. Dattijo ne siriri, gemu fari fat, tabarau ɗaure da zare. Muka gaisa, gaisuwar da ba ta ƙarewa, ƙaƙa hanya, ƙaƙa gida, ƙaƙa gajiya, ƙaƙa damina. Na ajiye masa kwalin kifi. Ya buɗe ya shinshina, fuskarsa ta washe, ya ce rabonsa da bandar Haɗeja tun yana saurayi. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya ja ni cikin shago ya buɗe firij ɗin. Gaskiya dattijon Kano bai yi ƙarya ba, cike yake da fim. Sai dai ba sanyi ko kaɗan, wani zafi ne ma ya bugo ni da warin tsohuwar takarda. Ya ce firij ɗin ya daɗe da mutuwa. "Wutar ma daga wajenku take zuwa, ku kuka ƙone mini shi," in ji shi. Ya laluba can ciki ya zaro ƙananan kwalaye biyu. Na gane su tun kafin ya miƙo, irin na Baba ne sak.

Ya ce, "Kada ka yi murna tukuna. Na gwada ɗan'uwansu bara. Zafi ya dafa su, hazo kawai za ka samu."

Na ce mu dai gwada. Ya ce to. Muka ɗauki hoton akuyarsa da ɗaya, muka wanke, ya fito kamar an shafa toka a gilashi, ko ƙahon akuyar ba ka gani. Na zauna a kan benci na dafe kai. Duk wannan tafiya, duk wannan laka, ga abin a hannuna kuma mushe ne. Ban ɓoye masa ba, na ce Malam, ji nake kamar in yi kuka.

Ya bar ni na huce, sannan ya ce, "Kai fim kake nema, ko hoton da za a haska a bango?"

Na ce hoton.

Ya ce to ai da sauƙi, in ina da haƙuri, abin da bai ga alama ba. Ya ce lokacin da fim ɗin nan ya fara wuya, shi da abokan sana'arsa sun koma juya fim na gama-gari, irin wanda muke wanke nagatif da shi, wanda baƙi ke fitowa fari, fari ya fito baƙi. Shi wannan har yanzu ana yinsa, ɗansa da ke karatu a Faransa yakan aiko masa da shi a gwangwani, dogon naɗi guda, ya riƙa yanka. Ya ce in dawo gobe da safe, kuma in gaya wa mai masaukina cewa shayi ɗaya zan sha, shi ya ce.

Washegari ya ɗauke ni hoto a tsakar gidansa, muka shiga ɗakin duhu. Ya naɗe fim ɗin a tankin wanki ya rufe, ya zuba maganin farko kamar yadda kowa ya sani. Daga nan aikin ya bar hanyar da na sani. Ya fito da wani garin magani mai launin makuba, irin wanda ake jiƙawa a wanke gyambo, ya haɗa shi da ɗan ruwan batir da ya riga ya surka, a bakin ƙofa inda iska ke kaɗawa, hannunsa cikin safar roba. Ya ce wannan haɗin ba abin wasa ba ne, kuma shi ke cinye baƙin da ya fito a wankin farko. Bayan shi ya zuba wani mai warin ashana ya ɗauraye. Duk ruwan da yake amfani da shi daga randar matarsa yake ɗebowa, tana daga ɗaki tana mita wai ya mayar mata da randa kayan aiki. Ya ce in ka sa ruwan da ya sha rana, fuskar fim ɗin za ta saɓule gaba ɗaya ta bi ruwa.

Sai kawai na ga ya buɗe murfin tankin, ya zaro fim ɗin jiƙe, ya nufi ƙofa da shi.

Jama'a, ni Baba Bitrus ya rene ni a sana'a. Abu na farko da ya koya mini, kafin ma in san inda ake danna kyamara, shi ne fim ba ya ganin haske sai an gama da shi. Na taɓa shan dundu a kan wannan. Ban san lokacin da na yi tsalle ba. Na cire hulata na kifa a kan hannunsa, na tura ƙofar da ƙafa, ina cewa, "Malam! Haske! Haske!" Muka yi karo, tabaransa ya faɗi, kwanon ruwa ya kife a ƙafafunmu.

Dattijon nan ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Matarsa ta leƙo tana tambaya ko Bakanon ya yi aljanu ne. Da ya samu numfashi ya ce, "Cire hularka, ɗana. Hasken shi ne aikin. Abin da ya rage a jikin fim ɗin sai ya sha haske zai yi baƙi, shi ne hoton naka." Na janye hannu, amma wallahi da ya ɗaga fim ɗin a inuwar rumfa yana juya shi, kau da kai na yi. Ya mayar da shi cikin maganin farko. A kan idona, da rana tsaka, fuska ta fara fitowa. Ga ni nan tsaye, farar riga fara, baƙar fuska baƙa, na tsuke baki kamar an yi mini laifi.

Na ƙara kwana biyu a wurinsa ina yi da hannuna, yana gyara mini. Ya auna mini garin magungunan a ƙullin leda, ya ba ni sauran gwangwanin fim ɗinsa gaba ɗaya, ya liƙe bakinsa da salatif, ya haɗa mini da baƙar jakarsa mai hannaye biyu, wadda ake zura hannu a yi aikin duhu a cikinta. Na yi maganar biya, ya ɓata rai, ya ce in gai da Baba, in ce wani tsohon mai hoto da idonsa shi ma ya fara gajiya yana gaishe shi.

A dawowa ne aka samu abin da ya zama labarin kulle ni. A ɓangarenmu na iyaka wani jami'i ya zazzage jakata, ya ga ƙullin gari kala-kala da gwangwani a liƙe. Ban ga laifinsa ba, kowa ya san abin da ake safara a hanyar nan. Garin bai dame shi ba da ya shinshina, gwangwanin ya sa wa ido. Ya ce in buɗe.

Na ce, "Yallaɓai, in na buɗe shi a ranar nan ya mutu."

Ya ce, "Mene ne a ciki da zai mutu?"

Na yi bayani, bai gamsu ba, ya zaro 'yar wuƙa zai yanke salatif ɗin. Na riƙe gwangwanin da hannu biyu na ce sai dai ya yanke yatsuna. Mutane suka taru, direbanmu yana ta oda. Can na tuna da baƙar jakar. Na ce, "Yallaɓai, ido ba zai gani ba, amma hannu zai ji. Mu sa shi a nan, ka zura hannu ka buɗe da kanka." Ya dubi jakar, ya dube ni, ya ce in wani abu ya cije shi, a nan zan kwana. Ya naɗe hannun riga ya zura. Ga mutum da kaki da bindiga, hannayensa biyu cikin jaka, ya ɗaga kai sama yana lalube, abokan aikinsa suna dariya. Ya ce, "Wani abu ne mai santsi a naɗe." Na ce shi ne, don Allah a riƙe shi ta gefe. Ya rufe da kansa, ya tambaye ni wai tsohon zai gani kuwa? Na ce sai abin da Allah ya yi. Ya ce Allah ya sa, ya sallame ni.

Na iso gida saura 'yan kwanaki Rifkatu ta tafi, an ma fara ɗaure kaya. Na ɗauki Godiya da hantsi a bakin ƙofar ɗaki, fuskarta kaɗai, ta cika firam, don Baba ya samu abin gani babba. Da fim ɗin ya kusa ƙarewa na ja da baya na ɗauki ɗaya da uwar tana riƙe da ita, Rifkatu tana cewa, "Yaya Sabo, kada ka sa ni, ko ɗankwali ban ɗaura da kyau ba." Na kwashe randar Hadiza zuwa shago, ta ce dama ta san tafiyar nan a kanta za ta ƙare. Na yi komai yadda aka koya mini. Wajen fito da shi haske sai da na yi bisimilla sau uku. Ya fito tas, baƙinsa baƙi ƙirin.

Ana gobe za su tafi muka toshe zauren Baba da barguna, na tayar da janareta. Daga ni sai shi, sai Rifkatu da jaririya, sai Hadiza a bakin ƙofa. Na zura hoton farko a majigin. Fuskar Godiya ta cika bango.

Baba ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Ya tashi na riƙe shi ya matsa kusa, ya dawo baya. Ya ce in sa na gaba. Na sa. Haka muka yi ta yi har suka kusa ƙarewa. A ƙarshe ya koma kujera ya ce, "Sabo, ka yi aiki, hasken ya yi kyau. Amma fuskar jariri ba ta da layi. Ba inda ido zai kama. Wani abu nake gani mai sulɓi kamar ƙwai."

Ban taɓa tunanin wannan ba, kuma ba abin da zan iya yi a kai. Saura ɗaya a hannuna, wanda uwar ke ciki, na zura shi don dai a gama.

Baba ya ɗaga kai ya dubi bangon. Ya miƙe ba tare da ya nemi hannuna ba, ya tako har tsakiyar zaure, ya juya kansa gefe ya tsaya.

"Wace ce wannan?"

Rifkatu ta ce, "Ni ce, Baba."

"Ke ce?" Ya ɗaga hannu yana bin goshin da ke bango, inda ɗankwalin ya zame. "Wannan farin fa a gaban kanki?"

Ta yi 'yar dariya ta ce, "Furfura ce, Baba. Ta daɗe."

Ya bi layukan gefen idonta da yatsa, ya bi na gefen baki. Muryarsa ta canza. Ya ce, "Ni har yau yarinyar da na kai ɗakin miji nake gani in kina magana. Ashe haka jiran nan ya yi miki, ban sani ba." Rifkatu ta sa fuska cikin zanin goyo, kafaɗunta suna rawa. Hadiza ma ta juya baya.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ce, "Amma dubi yadda kike kallonta. Tun kina ƙarama ban ga kin yi irin wannan murmushin ba." Ya juyo wajen da yake jin numfashinta ya ce, "Da ke take kama?"

Ta ce, "Kowa ya ce ni ce sak."

Ya ce, "To, na gan ta."

Fitilar majigin tana da zafi, na fara jin ƙaurin kwalin firam ɗin. Na ce, "Baba, in ya daɗe a ciki zai lanƙwashe, kuma shi kaɗai ne da ita."

Bai juyo ba. Ya ce, "Bar shi, Sabo. Ba don gobe nake ajiye shi ba."

Na cire hannuna daga makunnin, na koma na zauna.